Wa Ke Murɗa Makullin Ɗakin Ajiya?

Kawu Radoje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda kunnenka ya daina jin waya, ga takarda.

Kai ka yi gadin gidan tarihin nan kafin ni, don haka ka warware mini. Allon na'urar kashe gobara da ke ƙofar ɗakin ajiya, cewa ka yi koriyar fitila lafiya ce, ja kuma wuta ta tashi. To ni rawaya nake tararwa duk Asabar in na karɓi aiki da rana. Na tambayi mai gyara, ya ce wani ne ke murɗa makulli daga "da kanta" zuwa "da hannu", kuma a haka ko ɗakin zai ƙone ƙurmus na'urar ba za ta saki gas ɗin da ke kashe wuta ba. Makullina yana wuyana. Borka mai shara kaɗai ke nan da safe, kuma kwanan nan ba ta iya haɗa ido da ni. Hankalina bai kwanta da matar nan ba.

Ɗanka,
Vukashin

Vukashin,

Ina amsawa. Ƙafa da sauƙi, barkono ya yi kyau bana.

In ka ga rawaya, ka leƙa ɗakin tukuna, in babu kowa ka mayar da makullin. Shi ke nan. Ka fita harkar Borka, baiwar Allah ce. Ka gaida mahaifiyarka.

Radoje

Kawu,

Barka da war haka. Wace irin amsa ce wannan? Na ce maka ana shirin ƙona mana kaya, kana ba ni labarin barkono. Na leƙa kuwa, na tarar da ɗigon kyandir a ƙasa, ɗakin yana ƙamshin turare. Kyandir fa, a cikin tsofaffin katakai! Kuma makulli na biyu, ba kai ka ce ya ɓace ba? Wallahi har kai na fara zargi.

Na kai ƙarar Borka wurin shugaba. Ta tsaya tana kuka, ta ƙi faɗin komai, ya ce ƙarshen wata ta ajiye tsintsiya. Na kuma ce wa mai gyara ya zo ya canza makullin, ya bar shi a "da kanta". Duk wanda ya sake kunna wuta a ciki, jiniya za ta yi kuka, gas ya sauko masa.

Vukashin

Ɗan nan,

Ba ni da lokacin gaisuwa. Kada ka bari a taɓa makullin nan! Gas ɗin ba wuta kaɗai yake shaƙewa ba, har mutum, kuma mai shiga ɗakin ba ta iya gudu.

Uwarka ce, Stana. Hoton waliyyin da ke jingine bayan ƙofa na cocin ƙauyenmu ne, wanda ruwan dam ya cinye. A gabansa aka ɗaura mata aure da ubanka, kabarin uban naka kuma yana ƙarƙashin ruwan. Ina kake so ta kunna masa kyandir ran Asabar? Makullina, na biyun nan, yana hannunta, tana murɗa shi don kada kyandir ya sa gas ya sauko mata, Borka kuma ke buɗe mata ƙofa. A da tana mayar da shi in ta gama, yanzu tsufa ya sa tana mantawa. Ta roƙe mu kada ka sani, wai kada aikinka ya lalace saboda ita. Borka ta zaɓi a kore ta maimakon ta tona asirin ƙawarta, kai kuma ka san abin da ya rage maka.

Kawunka,
Radoje

Kawu,

Ina gaisuwa. Na hana mai gyara. Na je na faɗa wa shugaba gaskiya, Borka za ta ci gaba da aikinta. Nawa aikin kuma ya ce zai yi tunani.

Na karɓe makullin daga hannun Mama, don ba zan iya barin wuta a ɗakin nan ba. Ba ta yi musu ba. Ta ciro shi daga wuyanta, ta ajiye mini kusa da kwanon miya, ta ce, "To ka faɗa wa babanka da bakinka, ni ban san ta inda zan fara ba."

Vukashin