Askar Baba da Tsohon Siyam

Zuwa ga Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna Hajo da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan unguwar Utaibiyya a Makka lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Muɗawwifin nan, jagoran alhazai da nake yi wa aiki bayan darasin kulliyya ya ce bana ni zan ja alhazan ƙasar Siyam, wato Tailan, tunda abokin karatuna Isma'il ɗan can ne, yana koya mini yarensu. Wallahi, Kawu, yaren nan da wuya. In na yi magana, shi kansa sai ya ce in maimaita.

Jiya a Marwa, bayan umra, na ɗauko askar Baba zan yi wa wani tsohonsu aski. Na kama kansa na karkata, yadda muka saba. Tsohon ya zabura, 'ya'yansa suka miƙe tsaye. Ashe a wurinsu ba a taɓa kan babba sai an nemi gafara. Na buɗe baki, ban iya komai a yarensu ba sai "ku zo", "ku zauna", "ruwa". Isma'il ne ya ba su haƙuri.

Mutanen nan zan kai Arfa cikin cunkoson nan, kuma Isma'il ba zai bi mu ba. Idan tsohon ya ɓace, da wane baki zan neme shi?

A gaida Inna da maƙwabta. Ka roƙa mini Allah ya buɗe harshena kafin ranar.

Ɗanka,
Habibu