Mai Ƙeyar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da aikin shago.

Bayan gaisuwa, jiya na kira Baba. Ya ce kwana huɗu bai ƙara ko layi ɗaya a tarihin gidanmu da yake bugawa ba, wai allon kwamfutar ya dushe, sai ya kanne ido kafin ya ga rubutu. Haba Yaya! Mai Ƙeyar nan, allo mai ƙaton baya, tun ina sakandare ka kawo masa shi. Ka bar tsohon allon ya huta mana. Ga sabo nan fil a kwali, shafal kamar faranti, na ba direba ya sauke maka a shago. Ka haɗa wa Baba, tunda ni ko waya ban iya sokawa ba, in ji ka.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Kwalinki ya iso, har direban yana ce wa maƙwabtana 'yar Baba ta ofis ce ta aiko. Sannu da ƙoƙari. Amma da kin tambaye ni tukuna. Shekara ashirin ina gyaran rediyo da talabijin, sai allon ubana ne zai gagare ni?

Na je na duba. Da farko hoton ja yake yi, sai an mare shi a gefe ya dawo. Wayar baya ce ta saki, na canza ta. Na kwance shi, na tarar da kafasita biyu sun kumbura, na cire na sa sababbi, na bi duk inda dalma ta tsage na ɗora. Yanzu garau yake, ni da idona na gani. Baba ya ce da saura, to na ƙure masa haske har ƙarshe.

Ke abu kaɗan sai a yar a sayi sabo. Allon nan da kuɗin aikina na farko na saya, ranar Baba har 'yan unguwa ya kira suka zo kallo. Ba zan bari kwali ɗaya ya share wannan ba. Na faɗa miki gaskiya, raina ya sosu.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

Mako uku ke nan, Baba ya ce shi bai ga wani sabon allo ba, bai ma san na aiko ba. Anti ce ta gaya mini yana ƙarƙashin teburinka, har ka ɗora masa matattun rediyoyi. Wallahi ka ba ni kunya.

Kai ne ma mai jin haushi? Duk kiran da na yi wa Baba, zancen ke nan: yayanki ya zo, yayanki ya gyara famfo, yayanki ya daidaita eriya. Ni sai “ya aiki, Allah ya yi albarka”, shi ke nan. Kai kana da sukundireba da ƙafar zuwa kullum, ni me nake da shi ban da abin da zan saka a kwali? Shi ma ka danne. Kishi nake da kai, na faɗa, kuma ba yau na fara ba.

Baba yana son ya gama littafin nan da ransa. In Mai Ƙeya ya gyaru, me ya sa har yau bai rubuta komai ba? Ka haɗa nawa ko na awa ɗaya, a gani. In shi ma bai yi ba, ka riƙe shi, na bar maka.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajeriya ce.

Na kai allonki ranar Asabar. Kafin nan sau uku na sake kwance Mai Ƙeya, ban sami komai ba. Na ajiye naki kusa da shi, na haɗa, na kunna. Tubarkalla, tar kamar rana, har raina ya ƙara ɓaci. Baba ya matso da kujera, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, “To kunna mana.”

Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na fara ji. Na ce a raina, ashe na 'yar ofis ma bai tsinana komai ba. Ina cikin wannan murnar banza Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, ya lalubi tebur, kofin kuwa yana gabansa. Na ciro tocilar da nake leƙa cikin rediyo da ita, na haska idonsa. Fari, Auta, duka biyun.

Na kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce, ta daɗe tana rufewa, kuma za a iya yin aiki ranar Laraba ta sama. Ya tambaye ni yaushe muka lura. Kullum ina gidan nan, ina taƙama ni ne na kusa, wata guda ina haska bayan allo, ban taɓa haska fuskar Baba ba. Shi kuma ya yi shiru ne don kada ya ce gyarana bai yi ba.

Ki yafe mini mako ukun nan.

Yayanki

*

Auta 'yar albarka,

Ni ne Babanku nake faɗa, yayanki yana rubutawa. Ina gaishe ki.

Na gode da allo. Ya tambaye ni wanne za a ajiye, na ce a bar su duka a kan teburin, sai na ga abin da zan zaɓa. Ki nemi hutu ki zo kafin Laraba. In an cire bandeji ke nake so in fara gani, shi wannan na san fuskarsa.

Allah ya yi muku albarka.
Baba

Auta, ni ne. Sau biyu na ajiye biro kafin na rubuta layin nan na bandeji. Amma ga shi nan, ban rage ko harafi ɗaya ba. Zan tare ki a tasha.