Zuwa Ga Lawahiz, Wadda Ta Ƙi Zama Uwa

Alƙahira, Litinin, cikin watan Maris, 1959

Ya Sitti Lawahiz, farin watan gidajen wasan Alƙahira, kanarin da ya sa kanarai yin shiru, furen lemo mai ƙamshin asuba, sanyin Nilu a ranar ƙishirwa! Ya ke dabinon da ya nuna a kan reshe mafi tsawo don kada gajere irina ya kai! Ya ke wadda ta cika shekara talatin da tara tun shekara goma da suka wuce, kuma har yau ba ta gaji da cikawa ba! Gaisuwa daga bawanki Hilmi, mai tuni na gidan wasanmu, wanda ya shekara talatin da biyu a tsugune cikin akwatin katako a bakin dandamali yana raɗa miki baitocin da kika manta.

Labari ya iso ni cewa kin ɗaure kayanki. Wai kin bar waƙa, kin bar rawa, ranar Alhamis za ki hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen yayanki a bayan Tanta, ki kama kiwon agwagi. Madalla! Ina taya agwagin murna. Ke da ba ki taɓa dafa wa kanki ko ruwan shayi ba, ke da kikan suma idan ƙuda ya faɗa cikin turarenki! Wa zai tafa miki a can, hasken idona? Ɓaunar yayanki? Idan kika fito da safe kika buɗe hannuwa kina jiran a jefo furanni, me kike tsammani za a jefo?

Duk wannan don me? Don Talatar da ta wuce, da muka zauna karatun sabon wasa, Ustaz Shaukat mai gidan wasa ya miƙa wa Mirfat 'yar shekara ashirin takardun amarya, ke kuma ya miƙo miki na uwar amarya. Ina nan zaune na ga yadda kika miƙe kamar guguwa. “Uwa? Ni? Uwar wa, Ustaz? Uwar wannan tsintsiyar mai jan baki? Lokacin da nake cika maka gidan nan har kan matakala, ita ko ɗaurin auren iyayenta ba a yi ba!” Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya miki cewa da bakinki kika kawo wa Ustaz hujja. Kika yage takardun gida biyu, kika ƙara yagewa, kika fice kina taku irin na sarauniyar da aka ci amana. Wallahi rabon da ki yi fita mai kyau haka tun kafin yaƙi.

Kin manta ranar da kika zo mana? Ni ban manta ba, mantuwa ai ba sana'ata ba ce. Sunanki Nabawiyya a lokacin, 'yar mai sayar da alewa a Tanta, shekararki goma sha bakwai, da takalmin aro wanda kika cusa wa takardar jarida don kada ya fice. Daga cikin akwatina ƙafafu nake fara gani, kuma waɗannan ƙafafun su suka gama da ni. Aka sa ki layin baya cikin 'yan amshi, riƙe da mafici, har wata Alhamis da rana babbar mawaƙiyarmu ta kulle kanta a ɗaki don an rubuta sunanta da ƙananan haruffa. Gida ya cika, mutane suna buga ƙafa, sai ga ki gaban Ustaz: “Ni na haddace duka, ka jarraba ni!” Ƙarya kike yi, zumar rayuwata. Baiti biyu kika sani. Sauran daga bakina suka fito, ɗaya bayan ɗaya, ina gumi kamar mai dakan sakwara. Amma da kika buɗe wannan maƙogwaron, ni kaina sai da na manta inda na tsaya. 'Yan saman bene suka dinga ihu, “Allah! Allah! Ƙara, ya Sitti!” Washegari jaridu suka yabi muryarki, da idonki, da kaifin haddarki. Kaifin haddarki! Na yanke shafin na ajiye, ina karantawa duk ranar da nake son yin dariya.

Daga nan Nabawiyya ta mutu aka haifi Lawahiz. A dandamali kin zama 'yar mai jirgin ruwa, kin zama gimbiya, kin zama mai tallar lemo da basarake ya gani ya haukace. Hotonki ya hau akwatin ashana da kwalbar turare. Ni kuwa aikina ɗaya: in raɗa miki “ina son ka” daga ƙarƙashin katako, ki ɗauke ta da ɗuminta ki miƙa wa wani ƙato mai gashin baki da ya sha mai. Akwai wanda Allah ya taɓa jarrabawa da irin wannan? Sai Rushdi Bek mai gonakin auduga ya aure ki, ya ajiye ki a gida mai ɗaki ashirin, ya ce matarsa ba za ta yi waƙa gaban masu gyaran takalma ba. Wata goma sha ɗaya kika daure, kika dawo mana da akwati ɗaya kina cewa, “Ko bangon gidan ba ya amsa murya, Hilmi Afandi.” Na ce to, yanzu lokacina ya yi. Ina! Sai kika auri Wagdi, abokin waƙarki, wanda yake son madubi fiye da uwarsa. Mutumin nan ya mutu a hannunki sau ɗari huɗu a kan dandamali, bai mutu da gaske ko sau ɗaya ba, duk da yawan addu'ata. Da ya bi wata mai rawa zuwa Beirut, wa kika zo kika jiƙe wa kafaɗar riga da kwalli?

Amma akwai rana guda da ba na iya yi mata dariya. Azahar ce, saura rabin sa'a a ɗaga labule, aka kawo miki takardar waya daga Tanta cewa Inna ta rasu. Ba ki yi kuka ba. Kika zo kika tsuguna a bakin akwatina cikin rigar amarya, kika ce, “Hilmi, yau kada ka bar ni ko ƙiftawar ido. Kaina ba kome a ciki.” Ban bar ki ba. Kika rera waƙar biki, kika yi rawa, gida ya kwashe da dariya, ni kuwa ina raɗa miki baiti bayan baiti. Da aka tashi na raka ki jirgin yamma. A hanya kika gaya mini Inna ba ta taɓa ganinki a dandamali ba, kunyar maƙwabta ta hana ta, amma ita ce ta taje miki gashi da hannunta ranar da kika gudu, tana yi kamar ba ta san inda za ki ba. Daga tashar Banha har Tanta kika yi barci a kafaɗata. Hannuna ya mutu, ban motsa ba, ina roƙon Allah ya sa jirgin ya ɓace hanya. Muna sauka kika dube ni da idanun nan masu kama da na barewa, kika ce, “Kai ne ɗan'uwan da ba ni da kamarsa.” Ɗan'uwa! Da kin tura ni ƙarƙashin jirgin da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ki zauna, ƙanƙarar zuciyata, don zan faɗi abin da zai sa ki tsine mini. Ba Ustaz Shaukat ya yanke shawarar nan ba. Ni na je na same shi. A sanyin da ya wuce muryarki ta tsage sau uku a wurin da kike hawa sama. Na farko na yi tari na rufe. Na biyu na yi wa makaɗa alama suka ƙara ƙarfi. Na uku wani daga saman bene ya yi dariya, wani ya taya shi, kuma na ga kin ji. Ban ci abinci ba ranar. Na san mutanen nan, ranar da suka ɗora mutum a ka ita ce ranar da suke fara neman inda za su yar da shi. Na rantse ba zan zauna cikin akwati ina kallo ana yi miki ihu ba.

Kuma da kin karanta kafin ki yage, da kin ga cewa amarya ba ta da kome a wasan nan sai fari da ido da canza riga sau shida. Waƙar da za a fita ana rerawa a titi ta uwa ce: uwa tana taje wa 'yarta gashi da safe, ta san ba za ta dawo ba, tana yi kamar ba ta sani ba. Ni na rubuta baitocin, na kai wa mai kiɗa na tsaya a kansa har ya saukar da ita daidai muryarki ta yanzu, wannan ta ƙasan, mai kauri kamar zumar rake, wadda kike ɓoyewa kamar abin kunya alhali ta fi ta dā sau goma. Idan ba ke ba, wa zai rera? Mirfat? Yarinyar da ba ta taɓa rasa ko ɗan kunne ba?

Ki dawo, Lawahiz. Ki dawo, Nabawiyya. Kuma tun da na riga na zubar da mutuncina a takarda, bari in ƙarasa: ki aure ni. Ba ni da auduga, ba ni da gashin kai. Ina da ɗaki biyu a unguwar Shubra, da baranda mai tukunyar ɗoɗɗoya, na iya dafa wake da man zaitun har maƙwabta su leƙo, kuma na san duk munanan halayenki, na ƙirga su tsaf, ban ga wanda zan iya rayuwa babu shi ba.

Jibi Laraba da ƙarfe goma na safe zan zo. Gidanki hawa na huɗu ne, matakala tamanin da huɗu, likita kuwa ya hana gwiwoyina hawa ko goma. Zan tsaya ƙarƙashin tagarki minti biyar, kaina a buɗe. Idan amsarki a'a ce, ki ji tausayin tsoho ki jefo abin da za ki jefo tun ina ƙasa, tulu ko takalmi, duk wanda ya fi kusa da hannunki. Idan minti biyar ta cika ba abin da ya sauka a kaina, zan fara hawa. Zan daɗe a hanya. Ki ɗora ruwan shayi, ko ki kira maƙwabciya ta nuna miki yadda ake yi.

Naki tun ba ki sani ba, naki ko kin jefo ko ba ki jefo ba, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Hilmi