Idon Jirgi a Cikin Ruwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya Auta da karatu? Ni lafiya lau, aiki muke ta yi.

Maigidana ya sayo na'urar gano kifi, ya ce in ɗaura wa ƙaramin jirginmu. Allonta yana gaban matuƙi, idonta kuma a bayan jirgi ake kafa shi, cikin ruwa. Na huda katako, na ɗaure shi da sukuru, na toshe ramukan da gam. Ashe ya yi kusa da farfelar inji, kumfa tana rufe shi, allo yana nuna kifi inda ko ƙaya babu. Sai na shiga ruwa in matsar da shi dama, in daidaita shi da gindin jirgi, don in ya karkace ƙarya yake yi. Ina cikin haka matuƙi ya tayar da inji, bai san ina ƙasa ba. Ya ba ni haƙuri, 'yan asibitin nan kuma suna da kirki.

Yanzu na'urar tana gani har ƙasan ruwa, kamu ya yi kyau.

Ka karanta wa Inna wasiƙar da bakinka, ka tsallake tsakiyar. Kada ka miƙa mata, ta san rubutuna, za ta ga ya canza. In ta tambayi zoben Baba, ka ce yana hannuna. Gaskiya ne, na dai mayar da shi hagu, inda yatsun suke cikakku.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka