Ai Tafiya Zan Yi Fa

Gaithersburg, 9 ga Afrilu, 2012

Baban Mubina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi, kai kuma Ya saka maka da jinyar da kake yi.

'Yarka ce ta hana ni sukuni. Tun da ta gama jami'a take wannan karatun Japananci, ban taɓa cewa uffan ba. Amma yanzu da waya ta shigo sai ta shige mota ta ɗaga gilashi. Ranar Asabar ina ɗauko kaya a gareji, gilashin bai gama rufuwa ba, na ji ta a waya ta ce "iku n desu yo", har da ɗan rusunawa kamar mutumin yana gabanta. Na riƙe kalmomin a ka.

A asibiti na tambayi Olive, abokiyar aikina da uwarta 'yar Japan ce. Ta ce in mutum zai ce "zan tafi" kawai, "ikimasu" yake cewa. Wannan "n desu" kuwa bayani ne, an ga wani abu an tambaye ka dalili, kana warwarewa. "Yo" kuma jaddadawa ce. Na juya shi da Hausa, sai ya ba ni "ai tafiya zan yi fa".

To ina za ta? Wa ya isa a yi masa bayani ban da ni? Anya ba namiji ba ne? Da na ambata maka a waya, ka hau zancen tsadar magani a Kano.

A gaida su Yaya.

Taka,
Mairo

Gaithersburg, 22 ga Afrilu, 2012

Baban Mubina,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da Hajiya ta fara cin abinci.

Na tsare Mubina a kicin, na maimaita mata maganar. Sai da ta saki cokali. Babu wani namiji. Malamarta ce ta tambaye ta me ya sa za ta daina zuwa aji. Ta samu aikin koyar da Turanci a wani ƙauyen Japan, ƙarshen Yuli za ta tashi. Na ce, "Babanki fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce da Turanci in tambaye ka da kaina.

Ashe tun Janairu ka sa mata albarka, kuka haɗa baki kuka ɓoye mini, wai saboda hawan jinina. Jiya na wuni ina tuno duk ranar da na shigo falo kuka yi shiru.

Ba zan hana ta ba. Na ma fara neman inda za ta samu naman halal. Amma ka bar wa Yaya jinyar ko na mako biyu, ka zo. Ba zan kai ta filin jirgi in dawo gidan nan ni kaɗai ba.

Matarka,
Mairo