Tsayuwar Yakubu

Kucheri, ta Tsafe.

Zuwa ga Yayana Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hafsat, da aikin fenti a Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana fita masallaci, Inna kuma tana ta fama da sussukar wake. Ban kira ka a waya ba saboda ka san Inna, sai ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Shi ya sa na liƙe takardar nan na ba Mannir direba.

Yaya, ka tuna littafin lissafinka na aji uku, wanda ka cika bayansa da zanen fensir? Yana cikin akwatina. Ba ka yi wa kowa fuska ba, tun da Malam ya ce maka babu kyau, ni kuma da ina ɗauka ba ka gama su ba ne. Littattafan soyayyar da nake karantawa, sai a ci shafi biyu ana kwatanta idon mutum da girarsa, in rufe littafin ban ga kowa ba. Kai kuwa layi biyar ne ko shida, amma ga Baba ya duƙa yana alwala, ga Indo maƙwabciyarmu da tulu a ka. Akwai na ɗanta Yakubu, abokinka: kafaɗar hagu ta sauka, hannu ɗaya a bayan ƙugu, nauyinsa duk a kan ƙafa guda. Ko wuyan ba ka ƙarasa ba, amma shi ne.

Ran Talata da hantsi muna roron wake ni da ƙawata Saude, sai muka ji babura. Muka kwanta cikin dawa. Su bakwai ne da bindigogi, kowa ya naɗe fuska da rawani. Suka tsaya bakin rafi, ɗaya ya sauka yana kallon gari. Yaya, tsayuwar nan ce. Saude ta ce ba ta gane kowa ba, ni ma na ce mata haka.

Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, ka san yanzu ba a tsayawa bincike in an ambaci sunan mutum, kuma ni ban ga fuska ba, zanenka kawai na gani a tsaye. In na yi shiru kuma suka shigo gari fa? Jiya Indo ta shigo gaishe da Baba, tana cewa Yakubu na Legas yana dako, wata takwas ke nan bai kira ba. Ta roƙe ni in nuna mata zanen da ka yi masa, wai ba ta da hotonsa. Na ce mata ai gara ce ta cinye shi. Ta ce ba komai, ta sa mini albarka ta fita, na kasa ɗaga kai.

Ga shafin nan na yago na sa maka. Kai ka zana shi, kai ka fi sanin ko mutum biyu na iya tsayuwa iri ɗaya. In ka ce suna iya, zan yarda da kai in yi shiru. In ba sa iya, don Allah ka zo gida ka faɗa wa Baba da kanka, ni bakina ba zai iya ba.

Ka gaishe da Anti Hafsat da Kawu Yazid. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Wasila