Littattafan da Gara ta Riga Mu Karantawa

Litinin, 6 ga Mayu
Malama Kaneng ta tafi, an mayar da mijinta Jos. Ta bar mini kwali guda na littattafan yara masu hotuna, kowanne da ƙasar da yake ba da labarinta: abin da suke ci, irin ɗakunansu, yadda yaransu ke zuwa makaranta. Ta ce, "Badi'a, na 'yan aji huɗunki ne, kar ki bari su kwana a ofis." Na yi mata alkawari. Daga Gwarzo har Gude a cinya na riƙo shi a kan acaɓa, ƙuguna kamar zai ɓalle.

Laraba, 8 ga Mayu
Guda ɗaya tak muka buɗe. Wata ƙasar ƙanƙara ce, wai a can sai a yi watanni rana ba ta faɗi ba. Zinnira, yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu: "Malama, to su yaushe suke shan ruwa da azumi?" Wallahi ban sani ba. Na ce gobe mu duba shafi na gaba.

Sai ga hedimasta, Malam Badamasi. Wai hannun yara da maiƙo, kuma manya za su zo daga Kabo duba makaranta, gara su tarar da littattafan sababbi fil. Ya sa kwalin a kabad ɗin ofis, ya danna kwaɗo.

Alhamis, 6 ga Yuni
Manya ba su zo ba. Hedimasta ya ce, "Sai haƙuri, Malama." Kai ka ce haƙuri aka ɗauke ni in koyar.

Talata, 9 ga Yuli
Zinnira ta daina tambaya. Ni ma na daina.

Talata, 24 ga Satumba
An dawo hutu, an buɗe kabad. Inna lillahi! Rufin ofis ya yi yoyo duk damina, gara ta gina gida a cikin kwalin. Malam Badamasi ya ce haka Allah ya ƙaddara. Abin da ya rage ya kwashe ya ba Gwaggo mai ƙosai ta bakin makaranta. Na yi kuka a bayan aji, ba kunya.

Kaneng ta kira, ban ɗauka ba. In ce mata me?

Laraba, 2 ga Oktoba
Bayan tara Zinnira ta ajiye mini takardar ƙosai a tebur, sharkaf da mai. Hoton yaro ne a kwalekwale da jakar makaranta, gara ta cinye masa kai. "Malama, ina za shi?" Kafin in buɗe baki wasu sun taso da nasu.

Na je wurin Gwaggo in karɓo sauran. Ta ce, "'Yar nan, kyautar hedimasta ce. Da me zan naɗe ƙosai? Sai dai mai saye." Tsohuwa da taurin kai!

Juma'a, 4 ga Oktoba
Ba abin da zai gyaru a makarantar nan, na sani. Guntayen takardu ne kawai, babu farko babu ƙarshe.

Yau ma na sayi ƙosai, ni da yake sa wa ƙwannafi. Na ce a naɗe mini kowane ɗaya daban, Gwaggo ta bi ni da kallo. Har yanzu shafin ƙasar ƙanƙara bai fito ba, wataƙila tuni wani ya goge hannu da shi.

Gobe Asabar, ba ta suya a makaranta. Na dai tambayi gidanta.